Ƙulli Ɗaya Ja, Ƙulli Biyu Baƙi

Ranar Laraba ce, kwana kaɗan bayan sallar layya, a shekarar da gobara ta ci rumbunan unguwarmu, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, Baba ya sauke ni daga kan jaki a ƙofar gidan Gwaggo Asabe a Gwaram. Ko famfara ban fara ba a lokacin. Daga Birnin Kudu muka taso cikin ayarin fatake, har muka kwana a hanya, don a wancan zamani ba a bin hanyar mutum ɗaya ɗaya, saboda maharan da ke fitowa daga duwatsun kudu. Muka tarar da ita a gindin ɗurumin tsakar gida, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, da basilla a hannu, da faifan da aka yi rabi a cinya, ga ɗaurin kaba kewaye da ita, ja da baƙi da rawaya da fari. Ba ta ɗago ba sai da Baba ya yi sallama. Ta jawo ni jikinta, ta shafa kaina da fuskata har kunnuwa, ta ce, "Uwata ta zo." Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka har ta koma ga Allah bakinta bai taɓa kama sunana ba. Da Baba ya fita zaure gaida maza, sai ta ce in miƙo mata jar kaba guda huɗu. Na damƙo cikin hannuna na zuba mata. Ta bi su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Nawa na ce?" Na ce huɗu. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce da yawa. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "To, aiki ya same mu, ni da ke."

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba, tana zaune a sashenta cikin gidan ƙanen mijin, kuma ba ta taɓa jiran tuwon kowa ba, da faifai take ci da kanta. A wancan lokaci babu ɗakin da babu faifai. Da shi ake rufe ƙwaryar nono da ta fura, da shi ake bakace, shi ake jerawa a bangon amarya. Nata kuwa an san su tun daga kasuwar Gwaram har Zandam da Kiyako, don ba ta yin zanen da tsininsa bai haɗu ba. Ta gaya wa Baba tana son riƙona ne saboda ɗiban ruwa da aike. Sai daga baya na gane ainihin dalilin. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani. Tana ganin haske, tana ganin inuwar mutum idan ya tsaya a gabanta, amma ja da baƙi sun zama ɗaya a wurinta, rawaya da fari sun zama ɗaya. Hannunta ya san ɗinki, tana iya bin faifai da babban yatsa ta faɗi suka nawa aka yi tun daga cibiya, amma launi ba ya taɓuwa. Idona take nema, sai ga shi idon ya zo bai san ƙidaya ba.

Ba ta ba ni basilla ba. Washegari ta dafa kafaɗata, kamar mai ciwon ƙafa, muka gangara bakin kogi inda masu ginin tukwane ke haƙar yumɓu, muka ciko ƙwarya. Muna dawowa ta ce in gina mata saniya. Na murza, na danna, na kawo mata wata aba mai ƙafa uku. Ta tsayar da ita a ƙasa, ta kife. Ta ce, "Saniya mai ƙafa uku ba ta zuwa kiwo." Ta kama yatsana ta ɗora a kan ƙafafun, muna faɗa tare, ɗaya, biyu, uku, sannan ta sa na liƙa ta huɗun da kaina. Muka yi mata ƙaho biyu da farar ƙaya, da wutsiya ɗaya da zaren kaba. Daga ranar kullum sai na gina saniya in na gama shara da wanke-wanke. In sun bushe in shafa wa wasu jar ƙasa, wasu farar ƙasa, wasu in goga musu gawayi. Na yi musu garke da kara a bayan randa. Da yamma in shigar da su ina ƙirgawa da ƙarfi tana saurare, da safe in fito da su haka nan. Wani lokaci kafin in tashi sai ta sace ɗaya ta ɓoye a ƙullin zaninta, ta zauna tana ɗinki kamar ba ta san komai ba. Ranar da na fara cewa, "Gwaggo, jiya shida ne, yau biyar," ta fiddo saniyar ta ce kura ce ta ɗauka, amma ta ji tsoron makiyayiyar ta dawo da ita.

Bakwai da takwas ne suka ba ni wuya. Kullum sai in tsallake ɗaya, ko in juya su, in faɗa daga shida zuwa takwas in dawo bakwai. Har kuka na yi wata rana, na tattake shanu biyu, na ce gida zan koma wurin Innata. Gwaggo ba ta dake ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in kwaɓa yumɓun shanun da na fasa in murza 'yan duwatsun wuya, in huda su da tsinke. Da suka bushe ta sa na shafa wa bakwai ja, ɗaya fari, na zura su a zare ta ɗaura mini a wuya. Ta ce, "Farin nan shi ne takwas, baƙo ne, sai mutanen gida sun gama shiga yake shiga." Da wannan sarƙa nake zuwa rijiya, da ita nake kwana, yatsuna na binta ko ina tafe. Akwai wata yarinya sa'ata a maƙwabta, Talatu, 'yar mai ginin tukwane, wadda muke carafke tare a ƙofar gida. Ta ga sarƙata ta ce ita ma tana so. Gwaggo ta ce babu mai samun sarƙa sai wanda ya ƙirga duwatsunta da bakinsa. Haka Talatu ta shigo, ta jawo ƙanenta Ɗanjuma, su kuma suka jawo wasu, har gindin ɗurumin nan ya zama matattarar yaran unguwa da hantsi, kowa da yumɓu har gwiwar hannu. In yatsun hannu sun ƙare sai a koma na ƙafa, in su ma sun ƙare Gwaggo ta ce a ari na maƙwabci.

Haɗa lissafi kuwa da garke biyu muka fara. Talatu ta koro jajayenta uku, ni in koro fararena biyu, a gamu a bakin kasko, wai mashaya, Gwaggo ta tambaya shanu nawa ke shan ruwa. Da farko sai mun koma mun ƙirga daga ɗaya, daga baya baki ya saba, uku da biyu biyar, huɗu da uku bakwai. Sai a lokacin ta zaunar da ni kusa da ita ta ɗora mini faifai a cinya. Ta nuna mini yadda ake naɗa kaba a kan ciyawa ana soka basilla, tun daga cibiya ana zagayawa. Ta ce in dubi jan da ke cikin zanen. A zagayen farko suka ɗaya ce, a na biyu uku, a na gaba biyar, kowane zagaye ana ƙara biyu, shi ya sa tsinin yake buɗewa kamar ganye. "Faifai ba ya girma sai an ƙara masa," in ji ta. Aikina shi ne in miƙa mata launin da ta kira, in kuma faɗa mata inda fari ya ƙare ja ya fara. Ban da wannan, ni ke jiƙa kaba, ni da Talatu muke tsaga ta siri-siri, mu ke hura wuta ranar rini, a dafa ja da karan dafi, rawaya da saiwarta, baƙi kuma da bagaruwa da taɓon fadama. Hannuwana ba su rabu da launi ba duk ranin nan, yatsuna kuwa duk sukan basilla ne.

Da bazara abubuwa biyu suka zo mana kusan tare. Wata mata daga Zandam, Inna Kande, ta zo ta ce tana son jeren faya-fayai na ɗakin 'yarta da za a aurar da kaka, da babba guda mai tauraro wanda za a kafa a tsakiya. Ta ce uwarta ma a wurin Gwaggo ta yi mata nata, ba za ta je wurin kowa ba. Gwaggo ta amsa. Ba a jima ba sai ga Baba, ya zo kafin ruwa ya sauka kogi ya tare hanya. Ashe wani ɗan garinmu da ya ci kasuwar Gwaram ya ga yadda take dafa kafaɗata in tana tafiya, ya kai masa labari. Ya zauna a bakin tabarmarta, ya daɗe yana kallon idonta, sannan ya ce, "Yaya, me ya sa kika ɓoye mini? Ki haɗa kayanki mu tafi gida. Ga ɗakin marigayiya Innarmu nan babu kowa, ki zauna ki huta, abin da muka ci shi za ki ci." Ta ce, "Audu, na san don alheri ka faɗa. Amma in na zauna a ɗakin nan ana miƙo mini tuwo, kafin shekara za ku binne ni." Ya ce, "Yarinya ƙarama ba za ta zama idon babba ba, in kika ɓata wa mutane aiki sunan da kika yi shekaru kina tarawa ya zube." Ta ce, "Ka ba ni zuwa kaka. In matar Zandam ta ƙi kayanta, da ƙafata zan hau jakinka." Ya juyo ya dube ni, ya tambaya ko ina son komawa. Ina son ganin Innata ƙwarai, amma na dubi hannun Gwaggo a kan faifai, na tuna in na tafi babu mai miƙa mata launi. Na ce sai mun gama na matar Zandam.

Damina ta sauka, gari ya watse zuwa gona, yara suka ragu a gindin ɗurumi sai da yamma. Muka koma cikin ɗaki muna aiki a bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Ƙananan faya-fayan suka tafi daidai, ɗaya bayan ɗaya muna rataye su a bango. Muka kama babban, mai tauraro, wanda tsininsa biyar ne, kowane tsini ja a ciki, rawaya a gefe, fili kuma fari. Mun kai kusan rabi sai zazzaɓin damina ya kwantar da ni. Ban san kwanakin da na yi ba, na dai san ɗacin jiƙon da take ɗura mini da sanyin hannunta a goshina. Gwaggo ta ga lokaci na tafiya, gero ya fara fitar da kai, sai ta ci gaba ita kaɗai, ta dogara da yadda na jera mata ɗaurin kaba kafin in kwanta. Ba ta san akuya ta shigo ta hargitsa su ba, matar ƙanen mijinta kuma ta tattara ta mayar yadda ta ga dama. Ranar da na iya tashi zaune ta miƙo mini faifan da murna, ta ce in duba. Ɗinkin ya yi kyau, ƙidayar ba ta kuskure ko suka ɗaya ba, amma daga inda na tsaya zuwa baki duk ya rikice, baƙi a wurin ja, fari a wurin rawaya, tauraron ya narke kamar an zuba masa ruwa. Na rasa yadda zan faɗa. Ta ce, "Uwata, shirunki ya yi yawa." Sai na faɗa mata. Ta riƙe faifan a ƙirjinta. Can ta ce, "Nuna mini inda ya fara." Na ɗora yatsanta a wurin. Ta sa basilla ta fara warwarewa da hannunta, zagaye bayan zagaye, kabar na zuba a cinyarta. Ranar ko fura ba ta sha ba.

Washegari Talatu ta zo duba ni, muka zauna muna ware kabar da ta cakuɗe. Don kada ta sake haɗuwa, sai na ƙulla bakin jajayen da nake riƙe da su, ita kuma don ta bambanta nata da nawa ta yi wa baƙaƙen ƙulli biyu. Wasa muke yi. Gwaggo ta miƙo hannu tana laluben wani abu, ta taɓa ɗaya, ta tsaya. Ta ce, "Wannan ƙullin na mene ne?" Na ce ja ce. Ta taɓa wata, "Mai biyun fa?" Talatu ta ce baƙa. Ta ɗauki wata daga tulin ba tare da ta tambaya ba, ta murza bakinta, ta ce, "Ja." Muka ce haka ne. Ta sake ɗauka, "Baƙa." Muka ce haka ne. Sai ta ajiye su ta rufe fuska da tafin hannu, muka ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce da kukan a haɗe. Nan take ta yanke: ja ƙulli ɗaya, baƙi biyu, rawaya uku, fari kuwa a bar shi haka nan. Da yamma ta aika aka kira yaran nan duka, waɗanda ta koya wa ƙirga ƙafar saniya, aka zube musu kaba. Ɗanjuma, da yake shi ne ƙarami, aka ba shi ja. Masu ɗan wayo suka ɗauki rawaya, suna ƙullawa suna faɗa da baki, ɗaya, biyu, uku. Iyayensu na dawowa daga gona suka riƙa leƙowa suna tambayar wane sabon wasa ne wannan. Daga ranar ba ta sake jiran in miƙa mata launi ba. Ita ta kama babban faifan, ni kuma ta ba ni ƙarami na ƙarshe in yi shi ni kaɗai tun daga cibiya, tana jin ƙidayata daga inda take zaune, in na ce biyar da biyu takwas ta ce, "A'a, sake korowa mashaya."

An fara yankan gero Inna Kande ta zo da ƙanwarta. Muka shimfiɗa faya-fayan a tabarma a tsakar gida, babban a tsakiya. Ta ɗaga shi ta duba gaba da baya, ta bi tsinin tauraron da yatsa, ta kai shi rana ta sake dubawa, ta ce wannan ya fi wanda aka yi mata. Tana shirin ɗaurewa Gwaggo ta ce ta dakata. Ta ce, "Kande, kafin ki ɗauka ki san abin da kike ɗauka. Ni yanzu ba na gani. Ko fuskarki ban gani ba, muryarki na gane." Matar ta saki baki, ta dubi faifan, ta dubi Gwaggo, ta ce, "To wa ya yi wannan?" Gwaggo ta ce, "Ni na ɗinka. Uwata ta duba, yaran unguwa suka ƙulla mini launi. Ƙaramin can na gefe kuwa nata ne ita kaɗai, in bai yi miki ba ki bar shi." Inna Kande ta ɗauki nawa, wanda bakinsa ya ɗan karkace, ta juya shi, ta sa shi a saman ɗaurin. Ta ce da shi amarya za ta rufe ƙwaryar furar mijinta. Kafin ta fita ta ce ƙanwarta ma tana da 'ya, baɗi war haka.

Baba ya zo bayan an gama ɗaurin dawa, da jaki biyu, ɗaya babu kaya a kansa. Ya tarar da Gwaggo a gindin ɗurumi, yara kewaye da ita, tana zaro kaba daga tuli ba ta ko juyawa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya tsuguna ya ɗauki guda, ya rufe ido ya murza bakinta. Ɗanjuma ya ce masa, "Uku ne, Baba, rawaya ke nan." Ya buɗe ido ya duba, ya yi murmushi, bai sake ta da maganar tafiya ba. Da zai koma, jakin da ya kawo don Gwaggo faya-fayai aka ɗora masa, ya kai kasuwar Birnin Kudu. Ni ma na bi shi na ga Innata, na yi sallah a gida, na dawo Gwaram da kaina na roƙa. A hannun Gwaggo na girma har aka yi mini aure, ita kuma ta ci gaba da ɗinki har shekarar da ta rasu, ba ta taɓa zama a ɗakin kowa ana miƙo mata tuwo ba.

Yanzu duniya ta sake. Kwanon sha ya zo da murfinsa, amare sun koma jeren tasa da langa, faifai sai a ƙauye ko wurin bakace. 'Ya'yan jikokina suna zuwa makarantar boko, suna dawowa suna rera ƙidaya da baki ɗaya kamar waƙar gaɗa, har ɗari suke kaiwa, abin da ni sai da na yi wayo sosai na kai. Ina jin daɗin haka, ba na raina ilimin zamaninsu. Sai dai in na dubi hannuwansu na gan su fes, babu yumɓu, babu jan rini, babu sukan basilla, sai in ji wani abu ya tsaya mini a rai. Na tambayi ƙaramarsu kwanan baya bakwai ɗin me take faɗa, ta ce bakwai kawai, Kaka, ba na komai ba. Mu namu bakwai yana da nauyi a tafin hannu, yana da launi, in ya faɗi ma yana fashewa.